Zaure Ya Koma Kanti: Izinin Wa Mu Ke Riƙe Da Shi?

Duk wanda ya daɗe bai shiga Mora ba, in ya sauka a tasha ya bi bakin kwalta da ƙafa, abin da zai fara lura da shi shi ne zauruka sun yi ƙaranci. Inda a da a ke shimfiɗa tabarma bayan la'asar dattawa su zauna su jira magariba, yanzu an fasa katanga an sa ƙofar ƙarfe. Nan kantin tireda, can mai cajin waya, gaba kaɗan injin niƙa, sai mai walda, sai kwalabe da jarkokin zuwa-zuwa an jera su a rana. Haka abin ya ke a Marwa, haka ya ke a Garwa, amma a wannan wata da Mora za mu yi misali, domin can ne maganar ta taso mana.

Kwanakin baya an yi wani zaman sulhu a wata unguwa, muna wurin. Mutum biyu ne, katangarsu ɗaya, iyayensu ma da maƙwabtaka su ka rayu. Ɗaya ya fasa zaurensa ya kafa injin niƙa. Ɗayan kuwa, ɗakin tsohuwarsa ne ke jingine da wannan katanga, tun da injin ya fara aiki ba ta samun barci, katangar ma ta fara tsagewa. Da aka juyo kan mai inji sai ya ce, "Wallahi Malam ban yi gaban kaina ba. Sai da na nemi alfarma, aka ce in je in yi." Wani dattijo ya ce masa, "To Alhaji, ina takardar?" Ya shiga gida, ya jima, ya fito da rasiɗin haraji. An dai shirya su, ya yarda zai matsar da injin ɗaya gefen, ba zai tada shi bayan isha'i ba, zai kuma gyara katangar. Amma tambayar dattijon nan ita ce ta biyo mu gida, domin in aka bi kantunan nan ɗaya bayan ɗaya da ita, mun san da yawanmu rasiɗin harajin za mu ɗauko.

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu tuna abin da ya sami garin. Mora mazaunin Sarkin Mandara ne, kuma hedkwatar Mayo-Sava, kimanin kilomita 60 arewa da Marwa a kan hanyar da ta bi ta Waza zuwa Kusiri. Kasuwarta ta Lahadi da cinikin kan iyaka ta Amcide da Banki su ne su ka riƙe mutanenmu shekara da shekaru. Daga 2014 rikicin Boko Haram ya juya komai. An kai wa Kolofata hari a watan Yuli na wannan shekara, iyaka ta rufe, mutanen Amcide da Limani da Kerawa su ka kwararo cikin Mora da abin da su ka iya ɗauka. A 2015 da 2016 har cikin garin an kai hare-haren ƙunar baƙin wake. Sojoji su ka ƙaru, domin a Mora aka ajiye sashe na ɗaya na rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin Cadi, ma'aikatan agaji su ma su ka zo neman gidajen haya da ɗakunan ajiya. Ɗan kasuwar da ya baro rumfarsa a bakin iyaka, ga iyali, ga ba jari, ina zai buɗe kanti in ba a ɗakin da ke fuskantar titi ba? Mai gida kuma da ya ga kuɗin hayar ɗaki ɗaya na bakin hanya ya fi na ɗakuna uku na ciki, sai ya kira magini.

Mu kam sana'a a cikin gida ba baƙuwarmu ba ce. Iyayenmu mata daga cikin gida su ke suyar ƙosai, da matsar mai da ƙuli-ƙuli, da kirɓa fura, da ɗinkin hula, yara su fita da talla. A zaure tela ke ajiye kekensa, a zaure baduku ke aiki, a zaure a ke karatun allo. Duk wanda ya ce a raba gidan Bahaushe da neman abinci bai san gidan ba. Amma waɗannan iyayen namu sun san akwai sana'ar da ba ta kwana kusa da mutane. Marina da wurinta, kamar ta Ƙofar Mata a Kano. Majema da wurinta saboda wari, maƙera saboda wuta, mahauta saboda jini da ƙuda. Tun ba a zo da taswira da ma'aunin Bature ba mu ke da tsarin gari.

Malamanmu na Malikiyya ma sun yi dogon bayani a kan wannan. A ƙarni na 14 an yi wani magini a birnin Tunis, Ibnu Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya dubo rigingimun gini, ya kuwa rubuta littafi a kan hukunce-hukuncensu: hayaƙin gidan burodi, warin majema, tagar da ke leƙen matan maƙwabci, da girgizar dutsen niƙa da dabba ke juyawa. A ciki ya bayyana wata dabara. A rataye fallen takarda da zare a jikin rufin da ke kan katangar da a ke gardama a kanta, a zuba 'yan busassun ƙwayoyi a kai, sannan a juya dutsen. In ƙwayoyin su ka motsa, cutarwa ta tabbata, sai mai niƙa ya matsa. Da a zaman sulhun nan namu an yi wannan gwaji, da ƙwayoyin sun watse a ƙasa tun injin bai gama ɗaukar zafi ba.

To, me dokar ƙasa ta ce? Dokar tsarin birane ita ce mai lamba 2004/003 ta ran 21 ga watan Afrilu, 2004. Ta tanadi cewa a yi wa gari tsari a rubuce, a nuna inda za a zauna, inda za a yi kasuwa, inda za a yi masana'anta, inda hanya za ta bi, da inda ba a gini sam, kamar bakin mayo da wuraren da ruwa ke ci. Akwai takardar da mutum zai nema a meri ta gaya masa abin da aka yarda a yi a kan fili kaza, kuma hankali shi ne a neme ta kafin a biya kuɗin fili ko a sayi siminti. Sannan akwai fermin gini, wanda mer, watau magajin gari, ke sa wa hannu. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, fermin nan ba na sabon gini ba ne kaɗai. In za ka taɓa tsohon gida ta yadda za ka canza abin da a ke yi da shi, ko ka canza fuskarsa ta waje, ko ka ɗora bene, doka ta ce sai da fermi. Fasa zaure a mai da shi kanti ya haɗa biyun farko a lokaci guda. Doka ta kuma yanka wa magajin gari wa'adin da zai ba da amsa, in ya yi shiru har wa'adi ya wuce a ɗauka ya yarda. Amma fa wannan gata na wanda ya ajiye takardunsa ne aka ba shi rasiɗi mai kwanan wata. Wanda ya nemi alfarma a bakin mota ko a wurin ɗaurin aure ba shi da ranar da zai fara ƙirge daga gare ta.

Harajin da mu ke biya kuwa hanyarsa daban. Mai karɓar fatanti da kuɗin rumfa aikinsa ya karɓa daga duk wanda ya ga yana ciniki. Rasiɗinsa shaida ce cewa ka biya haraji, ba ta ce komai a kan ko wurin ya halatta a yi wannan sana'a. Mutum ya kan yi shekara goma yana biya, ranar da aka zo aka shafa wa katangarsa jan fenti ya ɗauko tarin rasiɗai, a duba a miƙa masa kayansa.

In an tambayi dalilin da ya sa ba mu neman fermi, wasu za su ce wahala, wasu su ce kuɗi. Gaskiya ne, akwai su. Amma babban dalili ya fi nan zurfi. Cikakken fermin gini yana tafiya ne da shaidar mallakar fili, mu kuwa galibinmu ba mu da ita. Tun dokokin ƙasa na ran 6 ga Yuli, 1974, da dokar 76/165 ta ran 27 ga Afrilu, 1976, takarda ɗaya tak hukuma ta sani a matsayin shaidar mallaka, ita ce titir fonsiye. Filin da ba shi da titir, komai daɗewar zuriyarka a kai, yana cikin ƙasar da hukuma ke riƙe wa al'umma, sayar da shi ma a idon doka ba ciniki ba ne. Takardar da bulama ko jauro ya buga wa hatimi, da shaidu huɗu su ka dangwala yatsa, tana da daraja a unguwa da fada, mu ma ba mu raina ta. Sai dai ba ita ce titir ba. Ga mai irin wannan fili akwai ƙaramin fermi na kafa gini mara nauyi ko na wucin gadi, amma shi ma bai mai da kai mai fili ba.

Abin takaici a nan shi ne, doka ta bar ƙofa a buɗe, mu ne ba mu shiga ba. Ɗan ƙasa da ya ke zaune a kan fili, ko ya ke aiki da shi, tun kafin ran 5 ga Agusta, 1974, yana da ikon neman titir kai tsaye, magadansa ma haka. Fataken Hausawa kuwa tun ƙarni na 19 su ke bin hanyoyin Adamawa da Mandara da cinikin goro da tufafi da hauren giwa, Hausare ta Garwa ma sunanta kaɗai ya isa shaida. Watau gidaje da yawa na kakanninmu sun cika sharaɗin nan. Daga 2005, da aka gyara dokar, an sauko da aikin ba da titir zuwa matakin departema, ba sai takarda ta yi doguwar tafiya kamar da ba. Me ya hana mu? Wani gidan gado ne ba a raba ba, mutum goma sha biyu ke da haƙƙi, ba mai son ya tada maganar don kada a ce shi ya watsa gida. Wani ba shi da takardar haihuwa balle katin ɗan ƙasa, ga shi an riga an saba ce wa Bahaushe ɗan Nijeriya ko da kakansa a nan aka binne cibiyarsa. Wani kuma gani ya ke tun da yana gaisawa da manya ba abin da zai same shi.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda mu ke so mu yi wa magana. Tsakanin 1996 da 2020 an yi zaɓen 'yan majalisar gari sau biyar a ƙasar nan: 1996, 2002, 2007, 2013, da 2020. Sufurefe da ferefe kuwa ma'aikata ne, takarda ɗaya daga Yawunde ta isa ta ɗauke su zuwa wani gari. Wanda ya ce maka "je ka yi" mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, amma in ya tashi da maganarsa zai tafi, wanda ya gaje shi kuma fayil zai buɗe. In bai ga sunanka a ciki ba, ginin da ka zuba wa jarinka gini ne ba izini. Waɗanda su ke da yawa a gari, da 'yan'uwa a majalisa da fada, su kan sami mai tsaya masu. Mu 'yan tsiraru ne a Mora, ƙuri'armu ba ta da yawan da za ta sa a ji tsoron taɓa mu. Ko ƙara za ka kai, kotun da ke duba hukuncin ma'aikatan gwamnati tana Marwa, wata tana Garwa, kuma ba a zuwa gabanta sai an fara rubuta wa wanda ya yanke hukuncin takardar neman ya sake dubawa, cikin wa'adi. Duk wannan tafiya da takarda a ke yin ta. Me za ka liƙa a bayan taka, gaisuwar da ku ka yi?

Ban da haka, alfarmar baki tana ɓata tsakanin maƙwabta. In an ba Alhaji a asirce, maƙwabcinsa bai ji ba sai da ya ga tifa ta juye yashi, to ƙiyayya ta shiga, kuma ba a kan wanda ya ba da iznin za ta sauka ba. Mu tuna yadda a ke samun titir: kwamiti ne ke fitowa har kan filin, sufurefe ke shugabanta, sarkin wurin da dattawansa biyu suna ciki, a tara maƙwabta a tambaye su iyaka kafin a kafa duwatsu, a kuma ba da lokaci ga mai ja ya fito ya ja. Mutumin da ka hana tsohuwarsa barci yau, shi ne za a kira ya ce katangar nan taka ce.

Akwai kuma sana'ar da ko maƙwabta sun yarda mu ba mu yarda ba, ita ce ajiyar mai a cikin gida. Ba sai mun ɓoye ba, zuwa-zuwa ta ciyar da gidaje masu yawa a arewacin ƙasar nan, da ita babura ke yawo a ƙauyukan da ba su da gidan mai. Da Nijeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 ribar ta ragu, amma jarkoki ba su bar ɗakuna ba. Kwalba goma a kan tebur a bakin titi abu ɗaya ne. Jarka hamsin a ɗakin da ke jikin madafa, a watan Afrilu da zafin Mora, yara na kwance a ɗaki na gaba, wannan wani abu ne daban. Manyanmu suna tune da Nsam a Yawunde, ran 14 ga Fabrairu, 1998, inda mai ya malalo daga taragon jirgin ƙasa, jama'a su ka taru suna ɗiba, wuta ta tashi ta kashe fiye da mutum 100. A watan Yuli na wannan shekara aka sa hannu a doka mai lamba 98/015 a kan wuraren sana'a masu haɗari, ko ƙazanta, ko takura wa jama'a. Ta kasa su gida biyu. Na farko sai da iznin minista bayan an saurari jama'ar wurin, ana kuma iya sharɗanta masu su yi nesa da gidaje. Na biyu sai an sanar da hukuma a rubuce kafin a buɗe. Ajiyar mai da iskar gas mai yawa ba abin da wani zai yi maka alfarmarsa ba ne a zaure, ko wane ne shi. A nan muna ganin Sarkin Hausawa da limamai ba sai sun jira jandarma ba. Su tara masu wannan sana'a, a nemi fili a bayan gari a haɗa kuɗi a kewaye, a riƙa shigo da na sayarwar yini kaɗai.

'Yan'uwanmu na Garwa su lura da wani bambanci. Tun 2007 aka raba birnin komin uku, Garwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku, a 2008 aka ɗora masu hukumar birni a sama. Bayan dokar ƙananan hukumomi ta watan Disamba 2019, wakilin gwamnati da a ke naɗawa ya kau, daga 2020 magajin birni zaɓaɓɓe ne. Maganar tsarin gari da fermin gini tana hannun hukumar birnin, saboda haka wanda ya tsaya a komin ɗin unguwarsu ya ɗauka ya gama, to da saura. Su kuma tuna da ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ta cika ta shiga unguwanni. Fili mai araha a gangaren kogi, a ce maka ka gina sito ba komai, ruwa bai san da wannan alkawari ba, ranar biyan diyya kuma takarda za a tambaya.

Ba mu ce laifin duk namu ne ba. Muna roƙon hukumomin garuruwanmu su rarrabe tsakanin mai ƙosai da mai walda. In aka ce duk wanda ya buɗe taga yana sayar da sabulu sai ya kawo zanen injiniya, to an tura kowa neman alfarma ke nan, an kuma buɗe ƙofar ɗan abin goro. A liƙa taswirar gari a inda kowa zai gani, a sa a yi shela da Mandaranci da Fulatanci da Barbarci da Hausa ranar kasuwa, a faɗi kuɗin kowace takarda a bainar jama'a. In za a sassauta wa wani, a rubuta, a faɗi dalili, a kira maƙwabtansa a ji ta bakinsu tun ba a zuba harsashi ba. Dokar 2004 da kanta ta ce a sa jama'a cikin shirya tsarin gari, zaman majalisar gari kuma a buɗe ya ke ga mai son saurare. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ranar da a ke irin wannan zama muna kasuwa. Yaranmu da su ka yi lise su ka iya Faransanci, ga aikin da ya dace da su: mutum biyu ko uku su riƙa halarta, su dawo su yi wa dattawa bayani bayan sallar Juma'a.

Mai injin niƙan nan mun sake haɗuwa da shi a kasuwar Lahadi. Ya ce ya matsar da injin, ya kuma je meri ya tambayo abin da a ke bukata. Abu na farko da aka nema shi ne shaidar fili, gidan kuwa na gado ne, su tara ne, biyu suna Maiduguri, ɗaya tana aure a Kusiri. Ya ce ya aika masu su zo bayan Salla a zauna. A fitowa ta gaba in Allah ya kai mu, za mu bi matakan neman titir a kan gidan gado ɗaya bayan ɗaya, tun daga takardar shaidar magada. Wanda ya taɓa bin hanyar har ya samu, ya rubuto mana yadda ya yi da tsawon lokacin da ya ɗauka.